Ɗan Aike

Shekara arba'in da bakwai ke nan
da na hau dandamali a makarantarmu ta Asawase.
Tica Boakye ya yafa min zanen gadon gidansa,
ya ce, "Issaka, kai ne ɗan aike."
Layi huɗu kacal aka ba ni:
in shigo a guje, ina haki, wasiƙa a hannu,
in tarar sarki ya riga ya sa an yanka ƙanensa,
takardar da za ta wanke shi kuwa
ta jiƙe sharkaf da gumin tafina.

Tsohon wasa ne, in ji Tica, ya girmi kakan kakanmu,
daga wata ƙasa mai teku da duwatsu ya ƙetaro.
Dare uku muka yi shi,
dare uku ina makara.
A na biyu wata mai ƙosai ta miƙe daga benci,
ta ce, "Kai yaro, ɗaga ƙafa mana!"
Na ɗaga.
Amma an riga an rubuta sai bayan wuƙa zan iso.

Yanzu jikata Zulaiha ce ke shirya fim,
da waya da wata fitila mai kama da faifai,
can saman benen Kejetia, inda hayaniyar torotoro
ke cinye rabin maganar 'yan wasanta.
Na ba ta labarin, ta yi dariya har da dafa gwiwa.
"Kaka, wannan ba zai sayu ba.
Yau wa zai aiki yaro da ƙafa?
Ya danna lamba, magana ta ƙare."

Na yi shiru, na tauna gorona.
Ban faɗa mata zancen Seidu ba.

Shekara goma sha ɗaya ba ma ga maciji
a kan ɗaki biyu da zaure a Aboabo,
gadon da tsohonmu ya bari ba shaida.
Ranar Idi mukan yi sahu ɗaya,
ya yi sallama dama, in yi hagu, kowa ya nemi takalminsa.

Wata Talata da dare wayata ta yi ƙara.
Saƙon murya. Sunansa. Daƙiƙa arba'in da biyu.
Na ce bari ya ɗanɗana jira shi ma,
na kife ta a kan tabarma.
Laraba na ce sai na dawo kasuwa.
Alhamis aka ɗauke wuta, na sami hujja.
Juma'a bayan la'asar muka kai shi Tafo.

Da jar ƙasar kabari a ƙarƙashin farcena na danna.
Tari ya fara yi, sannan ya ce,
"Yaya, na buɗe akwatin Baba, na ga takardar.
Ɗakin naka ne.
Ka zo mu sha koko da safe."

Ɗan aike bai makara ba, Zulaiha.
Kwana uku yana tsaye cikin aljihuna,
yana haki, ban ba shi izinin magana ba.
Ashe zanen gadon ne kawai na tuɓe,
rawanin sarkin na ɗauka na fito da shi gari.

Jiya na je kallon aikinku.
Wani saurayi ya faɗi, an shafa masa tumatirin gwangwani a ƙirji,
kika ɗaga hannu, kika ce, "A sake!"
Ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya sha ruwan leda,
ya koma ya mutu.
Sau tara na ƙirga.
Kowane tashi nasa sai da na ji shi a gwiwata.

Kin ce akwai gurbin tsoho a fim na gaba,
mai zama bakin zaure yana jan carbi.
Zan yi.
Sai dai ki sa waya kusa da shi,
idan ta yi ƙara, ki bar ni in ɗauka
tun kafin ki ce a fara.